Ƙarfen da Ya Ƙi Lanƙwasa

Idan ka shiga layin masu gyaran motoci, kunnenka ne zai kai ka rumfar Mai Guduma kafin idonka. Tun yana saurayi yake bugun jikin mota, yana miƙar da abin da haɗari ya lanƙwasa, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, sana'ar ta zama sunan. Amo ya cinye masa rabin kunnen hagu, shi ya sa ko gaisuwa zai yi sai ya ɗaga murya, baƙo ya ɗauka faɗa yake yi. Sau da yawa kuma faɗan ne.

Ya koyi aiki a hannun wani tsoho mai saurin hannu, a zamanin da ƙofar mota ɗaya ke gagarar mutum ɗauka. A wurinsa ya koyi karanta lotsawa: ya kalli jikin mota ya faɗa maka daga ina duka ya zo, ina ya bi, ina ya tsaya. A wurinsa kuma ya ɗauko aƙidar da ya rayu a kanta, cewa mota ta ƙwarai ita ce wadda za ta daki bango, bangon ya ji jiki. Da wannan guduma ya yi aure, ya gina ɗakuna a bayan gari, ya kai 'ya'yansa makaranta.

Sai motoci suka fara canjawa a hannunsa. Jikinsu ya yi laushi, ɗan karo kaɗan gaba ya tattare kamar an murje takarda. Gwangwanin madara yake kiransu. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ranar da ya cire bambar wata sabuwar mota, ya ga ƙarafa biyun da ke riƙe da gabanta sun zo da ramuka da 'yan lotsa-lotsa a jere, tsaf, tun daga masana'anta. Ya kira duk layin su zo su gani. Ya ce ga shaida, mutanen nan karya wa mota ƙashi suke yi tun kafin su sayar, don ta mutu da wuri ka koma ka sayi wata. Babu wanda ya musa masa, don babu wanda ya san wani dalili da ya fi nasa.

Daga nan ya ƙirƙiro abin da direbobi suka sa wa suna garkuwa. Yakan samo bututun ƙarfe mai kauri, ya shimfiɗa shi a jikin waɗannan ƙarafa biyu, ya gitta wani a bayan bamba, maƙwabcinsa Dogo mai walda ya ɗinke su, a cike ramukan nan duka. Motar da aka yi wa garkuwa ba ta jin gogayyar tasha. A buge ta a cunkoso, wanda ya buge ta ne zai sauko yana tattara fitilunsa. Direbobi suka riƙa turo juna. Idan Mai Guduma ya ji an ce "aikin Baba ne wannan," sai ya kau da kai kamar bai ji ba, alhali da kunnen kirki ya ji.

Babbar 'yarsa sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka Uwata yake kiranta. Ita ce ta gado shi a taurin kai da saurin hawa. Malamar kimiyya ce a wata sakandare can ɗaya gefen gari, inda take zaune da mijinta da yaranta ƙanana. Da ta sayi 'yar ƙaramar mota ta hannu, duk ƙarshen mako sai ta kwaso yaran ta kawo su gidan kakanni, su cika tsakar gida da ihu, su hau 'yan kujerun ƙarfe da ya ƙera musu daidai tsayinsu. Wannan ne kaɗai lokacin da ake jin muryarsa ta sauka.

Wata rana wani mai babur ya goge mata ƙofa, ta kawo motar a gyara. Aikin yini ne, amma ya riƙe ta kwana da kwanaki. Yana da wani bututu da ya daɗe yana ɓoyo a bayan rumfa, wanda ya hana manyan direbobi. Shi ya ciro. Ya tsaya a kan Dogo har sai da kowane ɗinki ya yi masa, ya shafe da baƙin fenti, ya mayar da bamba yadda ba mai ganewa. Bai tambaye ta ba. Wa ke neman izini kafin ya yi wa 'yarsa alheri?

Da ta zo ɗauka, ya ce ta sauka ramin duba mota ta ga wani abu. Ta tattare zaninta ta sauka, ta haska da fitilar waya. Ya tsaya a sama yana jiran godiya, Dogo da mai fentin layin suna gefe suna murmushi. Ta daɗe a ciki. Da ta fito, fuskarta ba ta yi kama da ta mai godiya ba.

"Baba, ka cire shi."

Ya juyo mata da kunnen dama. "In cire me?"

"Ƙarfen nan. Ba zan sa yarana a cikinta ba yana jiki."

Ta yi ƙoƙarin yi masa bayani, da farko a hankali. Ta ce ramukan da ya cike ba ha'inci ba ne, da gangan aka yi su. Masu ƙera motar sukan ɗaure gumaka masu nauyin mutum a kujeru, su maka motar a bango, su auna abin da ya sami ƙirji da wuya da ƙafafu, su sake zane, su sake makawa. An yi gaban ne don ya mutu a madadin ɗakin da mutane ke zaune. Ƙarfin karo ba ya ɓacewa, dole wani abu ya sha shi, kuma duk ɗan lokacin da gaba ya ɗauka yana tattarewa, sauƙi ne ga jikin da ke ciki. Har jakar iskar da ke cikin sitiyari, an auna lokacin fitowarta ne da yadda gaban zai lanƙwasa. Ta tambaye shi me ya sa yake sa buhun yashi a ƙarƙashin ƙarfe in zai buga, kuma me gwiwar hannunsa take ji ranar da guduma ta kuskure ta sauka a kan maƙera tsirara.

Tambayar ta shige shi, shi ya sa ya ƙara hawa. Ya ce tun ba a haife ta ba yake ciro mutane daga cikin gwangwanayen nan. Ya ce gumaka ba su da 'ya'ya, shi yana da su. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

"Wannan ba hange ba ne, Baba," in ji ta. "Awo ne."

Mai fenti ya yi tari don ya danne dariya. Wannan tarin ne ya ƙarasa lalata zancen. Mai Guduma ya ce muddin hannunsa na motsi ba zai yanke aikinsa ba don wata ta karanta littafi, in ba ta so ta bar motar. Ta ɗora mukulli a kan bonet, ta gyara mayafinta, ta yi masa sallama cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ta tafi bakin titi neman bas.

Ya ɗauka kwana biyu za ta huce. Ya manta 'yar wa ce. Daga gidanta zuwa nasu sai an canja mota a tsakiyar gari, ga yara ƙanana, ga cunkoso, don haka zuwan ƙarshen mako ya tsaya. Takan kira mahaifiyarta a waya, ta ce a gaishe da Baba. A gaishe shi, kamar wani maƙwabci. Da farko tukwanen matarsa ne suka riƙa magana a madafa. Da abin ya ishe ta, ta ajiye masa abinci ta ce ƙarfe ɗaya ba ya amo, shi da 'yar tasa duk kanwar ja ce, amma ita me ta yi da za a raba ta da jikokinta? Ya ce ta je ta tambayi malamar kimiyya. Ya ci abincin yana huci, bai san ma me ya ci ba.

A wurin aiki ya lulluɓe motar da tamfol a kusurwar rumfa. Mai fenti ya mayar da madubinta wurin rataye riga. Dogo kuwa kullum sai ya leƙo ya tambaya ko Malama ta aiko da sabon darasi, ko kuwa yau hutu ne. Mai Guduma yakan ce masa ya je ya koyi ɗinkin da ba ya zubar da hawaye tukuna. Duk wanda ya kawo mota a kwanakin nan ya sha faɗa kyauta: masu ƙera motoci ɓarayi, makarantu masu raba ɗa da uba, 'ya'yan zamani da ke auna iyayensu da ma'auni. Ya ci gaba da sa garkuwa, har da ƙarin kauri, kamar da ita yake yi.

Ana nan wata safiya janwe ya shigo layin yana jan motar wani direban haya da ake kira Gajere, mutum mai barkwanci wanda ke cikin na farko-farkon da suka karɓi garkuwa. Taya ce ta fashe masa a babbar hanya, ya daki gindin gada, shi kaɗai a ciki. Kafin a sauke motar mutane sun taru. Gaban yana nan kusan yadda yake, fitila ɗaya ce ta fashe, bamba ta ɗan goce. Mai motar, wani ɗan kasuwa mai tumbi, yana ta shafa bonet yana cewa a zo a ga aiki, da wata motar ce da sai dai a kwashe a buhu. Dogo ya ɗaga hannun Mai Guduma sama kamar ɗan dambe. Wani ya ce a kira Malama ta zo ta gani.

Ya ji daɗi, ba zai yi ƙarya ba. Ya zagaya motar yana gyaɗa kai. Sai ya kama ƙofar direba, ta ƙi buɗuwa. Ya ɗaga ido ya ga wani siririn layi a rufin, daidai saman ƙofar, irin layin da ba ya fitowa sai ɗakin mota ya motsa. Ya daina gyaɗa kai. Ya sa aka tura ta kan rami, ya sauka.

Bututunsa na nan a miƙe kamar ranar da aka ɗinka shi. Ko lanƙwasar gashi babu. Amma inda bututun ya ƙare, a nan motar ta karye. Dukan ya bi ta cikin ƙarfensa bai rage komai ba, ya je ya sauke kayansa duka a ƙasan ɗaki, daidai inda direba ke ajiye ƙafa. Daɓen ya naɗe ya taso, birki da totur sun koma har kusa da kujera. Tattarewar da ya saba gani a gaba, a wurin da babu kowa, ita ce ta koma baya, wurin mutum. Ba littafi ya faɗa masa ba, ba Uwata ba. Karatun da tsoho mai saurin hannu ya koya masa ne, kuma bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya fito ya leƙa ta taga. Takalmin Gajere ɗaya na nan a matse tsakanin birki da daɓe.

Sai a lokacin ya tambayi ina direban. Mai motar ya ce yana asibiti, ƙafafu ne, amma ai da sauƙi, mota ma ba ta yi komai ba. Mai Guduma ya dube shi har sai da mutumin ya janye hannunsa daga bonet. Ya ce wa taron kowa ya koma bakin aikinsa, da muryar da ta sa har janwe ya tayar bai jira an sallame shi ba.

Da yamma ya je asibitin. Ɗaki ne mai gadaje a jere da warin magani. Gajere na kwance, ƙafafunsa biyu an sassoke su da ƙarafa, matarsa na yi masa fifita da kwali. Yana ganinsa ya yi ƙoƙarin ɗagowa, ya ce wa matar ta ba Baba kujera, ga mutumin da ya ceci ransa. Ya ce likita bai tabbatar ko ta dama za ta koma taka birki ba, amma da ba don garkuwa ba da yanzu ana zaman makoki. Har ya yi wasa, ya ce yanzu shi ma an sa masa garkuwa a ƙafa. Matar ta durƙusa ta yi godiya.

Babu mai iya rantsuwa da abin da zai faru da babu bututun. Wataƙila da Gajere ya ji ciwo ta wani wurin, wataƙila da ya fito da ƙafarsa. Mai Guduma ya san wannan, ya kuma nemi ya jingina da shi, amma tunanin bai ɗauke shi ba. Godiyar nan ta fi masa tarin mai fenti zafi. Ya yi addu'ar samun sauƙi a gajarce, ya fita.

Washegari Dogo ya ce masa ƙaddara ce, kowa da ranarsa. A nan ya fashe. Ya ce ƙaddara ba ta riƙe kan walda. Sannan fushin ya juya inda ya daɗe yana nufa, amma da sabon dalili. Masu ƙera motocin nan sun san amfanin ramukan, sun auna, sun gwada, sun rubuta a can inda suke, sannan suka turo mota bebiya ta ƙare a hannun mutane irinsa, babu wanda ya taɓa takowa layin nan ya ce ga abin da muka canja, ga abin da ba a taɓawa. Ya ce an bar su suna gyaran abin da ba a gaya musu yadda yake ba, kamar a ba makaho jariri. Wani direba ya shigo ana cikin haka yana neman a sa masa garkuwa. Ya kore shi. Mutumin ya tsallaka rumfa ta gaba, wurin wani da ya kwaikwayi aikin, kuma kafin azahar Mai Guduma yana jiyo ƙarar waldarsu da kunnensa mai kyau.

Ya yaye tamfol daga motar Uwata, ya jefa wa mai fenti rigarsa, ya ɗaga gaban a kan jek. Bai kira Dogo ba. Da kansa ya riƙe injin yanka, yana bin ɗinkin da ya tsaya a kansa, yana tsine wa kyawunsa. Bututun ya faɗo ƙasa da nauyi. Ya goge ƙarafa biyun ya haska su, ya ga yadda wutar walda ta ƙona su suka yi shuɗi, ramukan sun toshe, lotsa-lotsan sun shafe. Ya ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma a inda wuta ba ta kai ba, ya ƙwanƙwasa a inda ta kai. Muryar ba ɗaya ba ce. Ya zauna a kan tsohuwar taya ya daɗe bai motsa ba.

Bai kira ta ba, matarsa ya ce wa ta gaya wa 'yarta ta zo ta ga motarta. Ta zo bayan an tashi daga makaranta, da jakar littattafai a kafaɗa. Ta ga bututun a yashe, ta dubi uban, ya kau da kai yana neman wani abu a cikin akwatin kayan aiki. Ta ji labarin Gajere a wurin mahaifiyarta, amma ba ta ɗauko shi ba. Ta durƙusa ta leƙa ƙasan motar, ta miƙe, ta ce Allah ya saka da alheri, ta miƙa hannu a ba ta mukulli.

"Ba za ki ɗauke ta ba," in ji shi.

Ta ce ai ya cire, abin da ta nema ke nan. Ya ce ashe malamar ma ido kawai gare ta. Ya ja ta ya nuna mata shuɗin, ya ƙwanƙwasa mata nan da can, ya ce ƙarfen da ya sha wuta haka ya mutu, ba zai naɗe yadda aka tsara masa ba, ko ya karye ko ya noƙe, shi kansa bai san wanne ba. Sai ya samo irin motar da aka daka ta baya a wurin masu sayar da ɓaraguzai, ya ciro gabanta lafiyayye ya dasa. Ta ce hakan zai ɗauki lokaci, ita kuma ta gaji da bas, za ta riƙa tafiya a hankali. Ya ce gadar da Gajere ya daka ba ta tambaye shi saurinsa ba.

"Jikokina ba za su shiga wannan ba. In kin ga dama ki kai ni ƙara."

Suka yi ta yi, murya na hawa, har Dogo ya kashe injinsa don ya ji da kyau. Ta ce da can ya ƙi cirewa, yanzu ya ƙi bayarwa, shi dai burinsa a yi yadda ya ce. Ya ce ƙwarai kuwa. Ya ce kuma tunda ita ce mai awo, ta je ta nemo masa yadda masu ƙera motar suka ce a yanka da yadda suka ce a haɗa, ta zo ta karanta masa a nan bakin rami, a gaban Dogo da duk mai kunne a layin nan, kada ta tsallake ko layi ɗaya. Ba roƙo ya yi ba, umarni ya bayar. Ta ce za ta nemo. Sannan ta ce yaran kullum sai sun tambaye shi, ƙaramin har ya daina yarda in an ce masa gobe.

Mai Guduma ya jefa mukullin cikin aljihu. Ya wanke hannu da garin sabulu a bokiti, ya sauya riga, ya ja ƙofar rumfa ya datse tun rana ba ta faɗi ba, abin da layin bai taɓa gani ba. Motar na nan a kan jek, gabanta a buɗe. Ya wuce 'yarsa ya nufi bakin titi, yana faɗa da ƙarfi cewa wane irin mutum ne zai kama gida a ƙarshen duniya, inda sai an canja mota kafin a ga jika. Ta biyo shi tana cewa shi ne ya yaba unguwar ranar da suka tare. Ya ce bai yaba ba. Ta ce ya yaba. Suna cikin haka bas ta tsaya, ya ture ta gaba ta fara shiga, ya bi bayanta.